Tambayoyinku: Me Ya Sa Shafin Ya Manta da Ni?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan sun karkata wuri guda, ko da yake masu aiko su ba su san juna ba: mutum ya shiga shafi, shafin ya karɓe shi, can kuma sai ya yi kamar bai taɓa ganinsa ba. Na zaɓi biyar daga nan cikin Jos da kewaye. Na rage tsawon wasu, amma ban sauya maganar kowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina ɗinki a Unguwar Rogo. Da hantsi na zauna da wayata ina cike wa 'yata fom ɗin shiga wata makaranta. Na rubuta sunaye, da ranar haihuwa, da sakamakon jarrabawa darasi bayan darasi, har na kai inda ake son hoto. Suka ƙi hoton da ke wayar, wai ya yi nauyi, sai na tafi Taminus aka rage mini shi. Ban samu komawa kansa ba sai bayan la'asar. Ina danna aikawa sai ga farin shafi da lamba 419 a jiki. Wallahi gabana ya faɗi, na zaci 'yan damfara na miƙa wa bayanan 'yata. Da na koma baya kuma, babu ko harafi ɗaya. Damfara ce? Ko ni ce na yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan 419 ɗin ba ta da alaƙa da sashen dokar damfara da muka sani. Akwai wani kayan gina shafuka mai suna Laravel, matasanmu da yawa da shi suke aiki, kuma wannan ce lambar da yake nunawa idan fom ya iso bayan wa'adin mai cike shi ya wuce. Muddin adireshin da kika shiga shi ne wanda makarantar ta buga a takardarta, bayanan 'yarki ba su faɗa hannun kowa ba. Hasali ma shafin bai adana su ba, kuma nan ne abin haushin yake.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Ƙa'idar da wayarki ke bi wajen magana da shafukan intanet sunanta HTTP. Tim Berners-Lee ne ya tsara ta a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, tsakanin 1989 da 1991, don masana su riƙa karanta takardun juna. Mai karanta takarda ba ya buƙatar a san shi. Ya nema, a ba shi, shi ke nan. Saboda haka duk dannawar da kika yi, wayarki tana aika buƙata, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda muke ce wa uwar garke, ta amsa, ta kuma manta da ke nan take. A dannawa ta gaba baƙuwa ce ke a wurinta.

Da aka fara ciniki a intanet sai mantuwar ta zama cikas, domin ba yadda za a sayar wa mutum kaya ana manta abin da ya zaɓa a shafin baya. A 1994 wani injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya kawo dabarar da har yau a kanta ake: ɗan guntun rubutu da uwar garke ke miƙa wa burawza, burawza ta adana, ta riƙa haɗa shi da duk buƙatar da za ta aika wa wannan shafin. Shi ne kuki. Ƙarami ne, bai cika wuce bayit 4,096 ba, kuma a yawancin shafukan da ake shiga da kalmar sirri, abin da ke cikinsa wata doguwar lamba ce da ba mai iya cankarta.

Ki ɗauki abin kamar mai ajiyar kaya a tashar mota. Kin kawo buhu, ya shigar ɗaki, ya ba ki 'yar lamba. Bai haddace fuskarki ba, mutanen da ke wucewa ta gabansa sun fi a ƙirga. Lambar ya sani. Kika nuna ta, ya fito miki da buhunki. Buhun nan shi ne abin da uwar garke ta rubuta a kanki, wato wace ce ke, yaushe kika shigo, wane mataki kika kai. Daga karɓar lamba zuwa mayar da ita, shi muke kira zama. Kuma ɗakin ba ya riƙe buhu har abada.

Kowane kayan gini da wa'adin da yake zuwa da shi idan magini bai taɓa ba. Laravel minti 120 ne na rashin motsi. PHP zalla daƙiƙa 1,440, wato minti 24. ASP.NET na Microsoft minti 20, Tomcat na masu Java minti 30, Django kuwa har sati biyu. Daga hantsi zuwa bayan la'asar ya zarce awa biyu nesa ba kusa ba. Rubutu a cikin akwatunan fom kuma ba motsi ba ne a wurin uwar garke, tunda a wayarki kaɗai yake har sai kin danna aikawa. Tana can tana ƙirga miki lokaci kamar wadda ta tafi.

Wa'adin kansa don kare ki aka sa shi. Da wayar ta faɗi a cikin keke a hanyar Taminus, wanda ya tsince ta da yamma bai kamata ya tarar da ƙofar asusun 'yarki a buɗe ba. A kan wannan ina tare da magini.

Ɓacewar abin da kika rubuta kuwa, ban yarda a ɗora miki ba, ban kuma yarda a fake da tsaro ba. Abu biyu ne daban: shaidar cewa ke ce, da aikin da kika riga kika yi. Shaida ta ƙare, daidai ne, a sake tambayar kalmar sirri. Aiki bai kamata ya bi ta ba. Da an raba fom ɗin gida-gida, ana adana kowane gida a rumbun bayanai ƙarƙashin asusunki da zarar kin wuce shi, da bayan la'asar kin sake shiga kin tarar da komai yana jiranki daidai wurin hoto. Da an rubuta nauyin hoton da ake so tun a shafin farko, da kin tafi Taminus kafin ki fara. Da ma shafin ya rage hoton da kansa, wanda ba aiki ne mai wuya ba. Wanda ke gina wa mutanen garin nan shafi ya san ana ɗauke wuta, sabis na zuwa yana tafiya, data na ƙarewa ana tsakiyar aiki, ya kuma san iyaye da yawa da yatsa ɗaya suke rubutu a ƙaramin allo, yara na kira, kwastoma na jira. Duk wanda ya san wannan ya kuma bar dogon fom a shafi guda babu wurin adanawa, ya gina ne don mai zaune a ofis da inbata.

Kafin ki sake zama, ki tara komai a gabanki: takardar haihuwa, sakamako, hoton da aka rage, lambar waya da imel. Dogayen bayanai ki fara rubuta su a manhajar rubutu ta wayar, sai ki riƙa kwafowa kina liƙawa. In kin ga maɓallin adanawa, ki danna shi duk bayan 'yan layuka. In tafiya ta kama dole, ki ɗauki hoton allon kafin ki tashi, da kin dawo kuma ki sake shiga daga farko kafin ki rubuta komai. Sannan don Allah ki faɗa wa makarantar abin da ya same ki. Sau da yawa mai shafin bai sani ba, domin iyaye shiru suke yi su sake cikewa.

Tambaya: Sannu da aiki Malam. Ni matashiya ce a Bukuru, na koyi PHP, na gina wa wata ƙungiyar manoman dankalin Turawa shafin rajistar mambobi. Uwar garke ɗaya tana yi mana daidai, sai da aka buɗe rubuta sunan masu son taki, wakilai daga Bokkos da Mangu suka shigo lokaci guda, shafin ya fara ja. Na ƙara uwar garke ta biyu, na sa Nginx a gaba yana raba musu aiki. Jan ya ragu. Amma yanzu wakili zai shiga lafiya, ya danna sau ɗaya ko biyu, sai a mayar da shi shafin kalmar sirri. Wani lokaci ya wuce, wani lokaci a kore shi. Na duba kod ɗina har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba.

Amsa: Ƙanwata, ki huta da duban kod, lafiyarsa ƙalau. Idan kika kira session_start() ba tare da kin sauya saitin PHP ba, yana buɗe ɗan fayil ne a faifan kwamfutar da ta amsa buƙatar, sunansa ya fara da sess_ sai lambar zaman ta biyo, lambar kuma ya miƙa wa burawza a kuki mai suna PHPSESSID. Shi kuma Nginx, in ba a ce masa komai ba, bi da bi yake rabawa: wannan buƙatar ga ta farko, mai bi mata ga ta biyu. Wakilinki ya shiga ta uwar garke ta farko, can fayil ɗinsa yake. Dannawa ta gaba ta faɗa wa ta biyu, ta duba faifanta ba ta ga komai da wannan lambar ba, sai ta ɗauke shi wanda bai shiga ba. Shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya. Ki gwada da daddare lokacin da babu mutane: kashe ɗaya daga cikin biyun ki yi ta dannawa. In korar ta tsaya cak, kin kama ta.

Mafitar da za a fara ba ki ita ce ki manna kowane mutum da uwar garke guda. A Nginx layi ɗaya ne, ip_hash. Ki sa shi yau in wakilai na jira a ƙauye, amma kada ki kwana a kansa. Yana rabo ne bisa adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, kashi uku na farko na adireshin ma kawai yake dubawa. Kamfanonin waya kuwa suna fitar da ɗimbin masu layi ta adireshi guda, don haka kina iya wayar gari ki ga yawancin wakilanki sun taru a kan uwar garke ɗaya, ɗayar na zaune babu aiki, kin koma gidan jiya ke nan. Adireshin ma ba ya tsayawa. Wakili na gefen gona a Bokkos, layi ɗaya ya ɗauke, ya juya data zuwa ɗaya sim ɗin, adireshinsa ya sauya, ya faɗa wa uwar garken da ba ta san shi ba. In kuma ɗaya ta mutu, duk waɗanda aka manna mata sun fita tare.

Gyaran gaskiya shi ne ki fitar da zaman daga faifan kowacce ki kai shi wuri guda da dukkansu ke gani. In kina da rumbun bayanai na MySQL, ki fara da shi. Tebur ɗaya ya isa: lambar zama, abin da ke ciki, da lokacin motsi na ƙarshe. Tun PHP 5.4 akwai SessionHandlerInterface da za ki rubuta yadda ake buɗewa, da karantawa, da rubutawa, da sharewa, sauran kod ɗinki kuma ba abin da zai sauya. Ga ƙungiyar da wakilanta ba su wuce ɗaruruwa ba, wannan zai ɗauke ki shekaru. Na fi so miki shi a yanzu domin ba ki ƙara wa kanki wani sabon abin kula ba.

Ranar da rumbun ya fara nishi, sai ki koma Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ɗan ƙasar Italiya ya fitar a 2009. Yana riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda haka yana da sauri ƙwarai, kuma kowane abu da kika ajiye kina iya sa masa wa'adin da zai goge kansa, wanda shi ne ainihin abin da zama ke so. Sai dai ki kiyaye. Ƙofarsa, lamba 6379, kada ta taɓa kallon intanet, a tsakanin kwamfutocinki kawai, da kalmar sirri. Ki tabbata yana kwafe abin da ke cikinsa zuwa faifai, in ba haka ba duk sake kunnawa korar kowa ce. Kuma kada ki haɗa zama da tarkacen ajiyar wucin gadi a Redis guda alhali kin ba shi izinin zubar da tsofaffi in ya cika, domin ranar da aka fi cunkoso, ranar ce zai fara zubar da zaman mutane.

Ki leƙa hotunan mambobi ma. Ina kyautata zaton su ma a faifan uwar garken da ta karɓa suke sauka, kuma nan ba da jimawa ba za a ce miki hoton wane yana fitowa yana ɓacewa. Ciwo ɗaya ne, maganin ma ɗaya: wuri guda da kowa ke gani.

Sauran magana kan abin da kike zubawa cikin zaman. Lambar wakili, da matsayinsa, da shaidar kare fom, sun isa. Sunayen manoman da yake shigarwa da yawan buhunan kowa, waɗannan dukiyar ƙungiya ce, su shiga rumbun bayanai ɗaya bayan ɗaya, ko da da alamar cewa ba a kammala ba. Wakilin da ya shigar da mutum talatin sabis ya yanke, ya dawo ya tarar da talatin ɗinsa. Amsar da na ba Hajiya a sama ke nan, daga ɓangarenki. Kuma in wani ya ba ki shawarar ki ɗaure zama da adireshin IP don tsaro, ta yadda in ya sauya a kori mutum, ki tuna da mai sim biyu a gefen gona. Mutanenki na gaskiya za ki fi kora.

Ga masu haya a uwar garken haɗaka, wato inda shafuka da yawa ke kwamfuta guda: idan duk kuna ajiye fayilolin zama a aljihu ɗaya, tsarin share tsofaffin zama na maƙwabcinka da ya sa gajeren wa'adi zai iya kwashe naka. In ka tsawaita wa'adi ka ga bai yi aiki ba, ka ware wa shafinka nasa aljihun ta session.save_path.

Tambaya: Malam, daga Rikkos nake. Ina gina wa wani mai shagunan magani uku manhajar da yaransa za su riƙa shigar da ciniki. Abokina ya ce ajiye zama a uwar garke tsohon yayi ne, in yi aiki da JWT in huta. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya faɗi rabi. Tunanin yana da asali mai kyau. A kundin digirinsa na uku a shekarar 2000, Roy Fielding ya bayyana tsarin da ake kira REST, inda kowace buƙata ke zuwa da duk abin da ake so a sani, uwar garke ba ta riƙe zaman kowa. JWT, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 2015, hanya ce ta yin hakan. Maimakon lamba kawai, ana ba mutum takardar da ke ɗauke da sunansa, da matsayinsa, da lokacin ƙarewarta, da sa hannun uwar garke. Duk uwar garken da ta san makullin za ta iya tantancewa ba tare da ta leƙa rumbu ba. Inda ake da hidimomi da yawa masu magana da juna, wannan sauƙi ne babba.

Ga rabin da bai faɗa ba. Sa hannu ba ɓoyewa ba ne. Takardar, wadda ake kira tokin, kashi uku ce da ɗigo a tsakani, kuma duk wanda ya riƙe shi zai iya karanta na tsakiya. Kada ka sa sirri a ciki. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne janyewa. Ka ɗauka mai shago ya sallami yaro da ƙarfe tara na safe saboda lissafi bai cika ba, tokin ɗin da ke wayar yaron kuma sai jibi zai ƙare. In uwar garke ba ta riƙe komai, ba ta da hanyar ƙin sa, zai ci gaba da shiga har jibin. Da zama na gargajiya, layi ɗaya za ka goge a tebur, ya fita nan take. Masu JWT suna magance wannan da gajeren wa'adi, kamar minti 15, tare da tokin na biyu mai sabuntawa wanda ake ajiyewa a rumbu don a iya soke shi. To ka ga an dawo ajiyar da aka ce an gudu, an kuma ƙara aiki a kai. Da yawa kuma suna ajiye tokin a localStorage na burawza, inda duk wani mugun kod da ya kutso shafin zai iya kwashe shi.

Shaguna uku, yara ƙila goma sha, mai gida da ke son ikon rufe wa kowa ƙofa a take: ka ɗauki zama na gargajiya da kuki. Ba abin kunya a ciki.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni dattijo ne, ina da shagon intanet da buga takardu a kan titin Bauchi, ɗalibai ne yawancin masu zuwa. Wani yaro ya zo yana ta faɗa wai bayan ya yi aiki a kwamfutata aka ƙwace masa asusunsa na sada zumunta. Ya rantse bai ba kowa kalmar sirri ba, har ma yana da tsarin nan da ake turo lamba a waya. Ni ban san komai a kai ba, amma sunan shagona ne a bakin mutane. Hakan na yiwuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe Alhaji. Yana yiwuwa, kuma ba sai da hannunka ko na yaranka ba. Kalmar sirri da lambar da ake turowa a waya, a bakin ƙofa kawai ake tambayarsu. Da mutum ya shiga, kukin da aka ba burawza shi ke tsaya masa. Duk wanda ya samu wannan kukin, a wurin shafin shi ne mai asusun.

Hanya mafi sauƙi ita ce yaron ya rufe shafin bai danna fita ba. Rufewa daban, fita daban. Na bayansa ya zauna, ya buɗe burawza, ya tarar da asusun a buɗe. Ta biyu ita ce ƙwayar cutar kwamfuta mai kwashe kukis daga burawza ta aika wa mai ita, kuma ta fi shigowa ta manhajojin da aka fasa don gudun biya, da filashin da ke yawo daga shago zuwa shago. Akwai ta uku da ta yi tashe a da, wato sauraron abin da ke wucewa a waifai. A 2010 wani mai suna Eric Butler ya fitar da Firesheep don ya nuna wa duniya sauƙin abin, wanda ya taimaka wajen tura manyan shafuka zuwa HTTPS, wato HTTP mai ɓoye abin da ke wucewa. Yanzu wannan hanyar ta toshe sosai, musamman tun da Let's Encrypt ta fara ba da takardar shaidar HTTPS kyauta a 2015. Ka fi mayar da hankali kan biyun farko.

Abin da zan roƙe ka, Alhaji: a sa kowane kwastoma ya yi aiki a yanayin baƙo na burawza, wanda ke goge komai da an rufe shi gaba ɗaya, yaron shago kuma ya rufe da hannunsa kafin wani ya zauna. A hana burawza adana kalmar sirri. Asusun da kwastomomi ke aiki da shi a kwamfutar ya zama marar ikon saka manhaja, na mai iko kuma kalmarsa ta tsaya a wurinka. Kwamfutar da yaron ya zauna a kai, a goge ta a sake ɗora mata komai daga tushe mai tsabta. Ka liƙa takarda da Hausa da Turanci a saman kowane allo cewa a danna fita kafin a tashi. Shi kuma yaron, ka kira shi cikin lalama. Ya bi hanyar dawo da asusu ta lambar wayarsa, ya sauya kalmar sirri, sannan ya shiga sashen tsaro. Facebook da Google duk suna jera na'urorin da aka shiga da su, ya fitar da duka. Ya duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinsa ma.

Magina da ke karanta wannan, rabin kariyar a hannunku take. Kukin zama ya ɗauki alamar Secure don kada ya bi hanyar da ba a rufe ba, da HttpOnly don kod ɗin shafi kada ya iya karanta shi, da SameSite don wani shafin kada ya aika buƙata da sunan mutuminku. A sauya lambar zama daidai lokacin da mutum ya shiga, a PHP session_regenerate_id ke yin wannan. Maɓallin fita ya goge zaman a uwar garke, kada ya tsaya ga share kuki a burawza. Kafin a sauya lambar waya ko imel ko a fitar da kuɗi, a sake tambayar kalmar sirri. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita a Abuja, kuma wanda ya tara bayanan mutane, a wuyansa tsaronsu yake.

Tambaya: Malam, kayan gwari nake sayarwa a kasuwar Farin Gada. Ƙaramar waya ce da ni, da lambobin nan masu tauraro nake tura kuɗi. Kafin in gama karanto lambar asusun mai tumatir sai abin ya yanke. Wani lokaci ma bayan na sa lambar sirri yake yankewa, in rasa ko kuɗin sun tafi.

Amsa: Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Wannan ma zama ne, sai dai nasa wa'adin ya fi kowane gajarta. Tsarin sunansa USSD, kuma muddin kana cikinsa kamfanin waya na riƙe maka hanya a buɗe kamar ta kira, don haka ba a barin ta ta daɗe. Kowane allo 'yan daƙiƙu yake jira, zaman duka kuma bai cika wuce minti biyu zuwa uku ba. A Maris 2021 Babban Bankin Najeriya da hukumar sadarwa ta NCC suka tsayar da kuɗin hidimar a naira 6.98, saboda haka yawan maimaitawa ba kyauta ba ne.

Ka sa mai tumatir ya rubuta maka lambar asusunsa da sunan bankinsa a takarda kafin ka danna tauraro. Waɗanda kake biya kullum, ka tanadi ɗan littafi. Bankuna da yawa suna barin a haɗa adadin kuɗi da lambar asusu a layi guda tun daga farko, ka tambayi naka yadda tsarinsa yake, zai rage maka allo biyu ko uku.

In ya yanke kafin lambar sirri, babu abin da ya fita, ka sake. In bayan lambar sirri ne, kada ka sake nan take. Mai yiwuwa umarnin ya riga ya isa banki, amsar ce kawai ta ɓace a hanyar dawowa. Ka jira saƙo, ko ka duba abin da ya rage a asusunka, ka kuma ce wa mai tumatir ya duba nasa. In an cire maka shi kuma bai gani ba, ka rubuta rana da lokaci da adadin kuɗin, ka ajiye saƙon cirewar, ka kai wa bankinka.